Gargaɗi Goma Sha Ɗaya a Agogon Baba

Briqueterie, Yaoundé
Litinin, 5 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Jiddah. Yaya zafin Garoua, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana Inna shanya tun Juma'a.

Na rubuta wannan a takarda na ɗauko miki hotonta ne saboda kin san gidanmu. In na kira ki daga ɗakina, Baba yana ji daga zaure.

Sabuwar wayar da kika aiko masa ta iso, na karɓo ta a agence, ofishin motocin haya, ranar Asabar. Kin ce in haɗa ta da agogon hannun da kika saya masa kada a rasa komai, tunda ranar 19 ga wata likitan zuciya zai duba bayanan wata uku kafin ya yanke ko zai canja masa magani. Na karanta umarnin sau uku. Agogon ba ya karɓar waya biyu. Kafin ya yarda da sabuwa sai an goge shi, kuma duk abin da ya tara yana zubawa ne a tsohuwar waya. Saboda haka dole a fara yin ajiya a compte ɗin Baba, wato asusunsa na intanet, abin da suke kira sauvegarde. Yaya, ajiyar a kashe take tun ranar farko. Bayanan kwana casa'in da ɗaya suna cikin wayar nan kaɗai, wadda batirinta ya kumbura har murfin ya ɗaga. Na naɗe ta a tawul na sa a akwatina. Baba bai san lambar sirrin compte ɗin ba, ya ce ke kika saka.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto miki ba. Na buɗe manhajar agogon don in ga yawan abin da zan kwashe. Sau goma sha ɗaya agogon ya yi gargaɗin cewa bugun zuciya ya rikice. Na farko ranar 2 ga Maris, na ƙarshe ranar Alhamis da ta wuce, ƙarfe ɗaya da minti goma na rana. Shida daga ciki a makonni ukun nan ne. Duk da Faransanci suka zo, kin kuwa san Baba in ba kira ba ne ko saƙon murya, ba ya duba waya.

Akwai kuma abin da ban gane ba. Manhajar ta ce yana yin taku dubu goma sha takwas da ɗari shida a rana. Baban da yake tsayawa hutu sau biyu tsakanin shagon yadinsa da masallaci saboda gwiwa? Kwana tara da dawowata daga jami'a a Ngaoundéré, ban ga agogon a hannunsa ba, ko da yake hannun kaftaninsa dogo ne. Da na tambaye shi, ya ce yana nan.

Ban faɗa wa Inna ba. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ƙaninki,
Umair

Garoua
Talata, 6 ga Mayu

Umair,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Jiddah tana gaida Kawu mai digiri.

A tsaye na karanta takardarka, ban san lokacin da na zauna a kan gadon majinyaci ba. Goma sha ɗaya! Kullum na kira mutumin nan sai ya ce mini garau yake, har yana yi mini faɗa wai na cika fitina.

Lambar sirrin ita ce sunan Inna da shekarar haihuwata, ba tazara. Ka yi ajiyar yau, ba gobe ba. Kada ka goge agogon sai ka ga komai ya bayyana a sabuwar waya da idonka, ko da yake kai ba sai an gaya maka ba, kai da ke ƙirga matattakala in kana hawa bene.

Zancen taku, ka rabu da shi, wataƙila agogon ne yake ƙirga motsin hannu in yana auna yadi. Abin da nake so, ka karɓi agogon a hannunsa, ka kira asibiti ka roƙi a matso da rendez-vous ɗin, wato ranar ganin likita. Ba za mu jira 19 ba. Kada ka shiga wurinsa da wannan fuskar taka ta jaje, zai gane.

Ka gaida Inna.

Yayarka,
Ramatu

Briqueterie
Alhamis, 8 ga Mayu

Yaya Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ki sami wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ajiyar ta yi. Ta ɗauki minti arba'in da biyu, ina riƙe da wayar a gaban fanka don kada ta yi zafi. Na shiga compte ɗin a sabuwar waya, na gwada kwanaki goma daban-daban, komai ya zo daidai. Saura agogon kansa.

Ban iya rabuwa da zancen takun ba. Auna yadi ba zai ba da dubu goma sha takwas ba. Na bincika sai na ga agogon, in ya ji an yi doguwar tafiya, yana zana taswirar inda aka bi. Na buɗe taswirorin. Ba Briqueterie ba ce. Etoudi ce, kasuwar shanu da kewayen mayanka, kusan kullum daga shida na safe zuwa azahar. Baba kuwa a wannan lokacin yana shago, Inna ma shaida ce tunda ita ke aika masa kunu.

Jiya na ce masa ina bukatar agogon don in ƙarasa aikin. Ya ce in bari sai bayan la'asar. Bayan la'asar ya shigo ya miƙo mini shi daga aljihu. Madaurin ya lanƙwashe a huda ta biyu, hannun Baba kuwa sai ta biyar. Kuma warin shanu yake yi.

Na ce, "Baba, wa yake ɗaura agogon nan?"

Ya ce, "Kai da aka aika ka gyaran waya, ina ruwanka da hannun mutane?"

Na nuna masa taswirar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Au, har wannan yake yi? Ashe ɗan leƙen asiri Ramatu ta aiko mini."

Ga yadda abin ya faru. Kin tuna Baba Garga, amininsa dillalin shanu, wanda ke zuwa majalisar ƙofar shago kullum? Ranar Juma'a, 7 ga Fabrairu, kwana huɗu da ɗaura agogon, Baba ya cire shi zai yi alwala. Baba Garga ya ɗauka ya juya shi, ya ce, "Kai Hamadu, wannan abu ya yi kyau." A gaban mutum shida ya faɗa. Kin san halin Baba da irin tarbiyyarsu, in amini ya yaba abinka a gaban jama'a, ya zama nasa. Ya ce masa ya riƙe. Washegari ya bi shi da cajar.

Na tambayi kaina, to yaya bayanan suke shiga wayar Baba? Amsar tana nan a manhaja. Kowace rana tsakanin ƙarfe huɗu da shida na yamma suke shiga, wato lokacin da su biyun suke zaune a benci ɗaya, wayar tana aljihun Baba, agogon yana hannun Baba Garga. Agogon yana tara na yini, in ya kusanci wayar sai ya zube mata.

Yaya, cikin kwana casa'in da ɗayan nan, huɗu ne na Baba. Tamanin da bakwai na Baba Garga ne. Gargaɗin nan goma sha ɗaya duka nasa ne. Da na kai wa likita takardun kamar yadda muka tsara, da an ba Babanmu magani a kan zuciyar wani.

Na yi wa Baba bayanin gargaɗin. Ya yi salati, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na zaci zai ce mu tashi mu tafi wurin amininsa. Sai ya ce, "Goge shi."

Na ce, "Baba, in goge me?"

"Duka. Na tsohuwar wayar da na sabuwar. Ka mayar masa da agogonsa wanke tas."

Na ce mutumin yana iya faɗuwa a cikin shanu. Ya ce, "Shekara arba'in ina tare da Garga. Yanzu in je in ce masa kyautar da na ba shi tana bin sawunsa wata uku, 'ya'yana sun san duk inda ya taka, sun san ƙarfe nawa yake kwanciya? Da wane ido zan dube shi? Zan lallaɓa shi ya je asibiti da kaina." Na ce Baba Garga da ko allurar rigakafi ba ya yarda da ita, ba zai je don lallaɓa ba. Ya ce, "Na gama magana. Kuma Ramatu ba sai ta ji ba."

Ga shi kin ji. Ban taɓa saɓa masa ba, kin sani. Na ce masa aikin zai kai Asabar, wanda ba gaskiya ba ne, minti biyar ya isa. Agogon yana gabana a kan tebur. Ban goge ba, ban kuma iya cin abinci ba.

Ƙaninki,
Umair

Garoua
Juma'a, 9 ga Mayu

Umair,

Salam. Gaisuwa sai wani lokaci, yau ba ni da bakinta.

Innalillahi. Wata uku ina gaya wa abokan aikina na shawo kan Babana, ashe dillalin shanu nake jinya! Da farko dariya na yi har hawaye, sai dariyar ta tsaya da na tuna Baba Garga ne ya goyo ni zuwa asibiti ranar da na karye a Tsinga, kai ba a ma haife ka ba.

Ka saurare ni. Irin wannan bugun, in ya zo ya tafi, ranar da aka je asibiti sau da yawa ba a ganinsa. Su auna shi su ce lafiyarsa ƙalau, ya koma cikin shanunsa yana yi mana dariya. Abin da zai sa likita ya tsaya ya bincika shi ne kwanakin nan da sa'o'in da ke hannunka. In ka goge, ka goge shaidar kaɗai da yake da ita.

Na san kunyar Baba, ban raina ta ba. Amma bayanan nan ba na Baba ba ne balle ya ce a goge, ba nawa ba ne, ba naka ba. Na mai zuciyar ne. Ka buga su a takarda, da taswirorin duka, kada ka ɓoye masa ko ɗaya. Ka kai masa, ka gaya masa gaskiya, shi ya zaɓa. In ya yi fushi, ka ce Ramatu ce ta sayo agogon, ya zo ya ja kunnena.

Ba zan kira Baba ba sai ka dawo, don in na kira yanzu zai ƙwace wayoyin. Nasa faɗan yana nan tafe, shi da zai je gaban likita da bayanan kwana huɗu kacal.

Na san kana jin tsoro. Ka tafi duk da haka.

Yayarka,
Ramatu

Briqueterie
Talata, 13 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka.

Ranar Asabar da safe na gaya wa Baba ba zan goge ba, kuma zan tafi Etoudi. Har yau in na gaishe shi, hannu kawai yake ɗaga mini.

Na sami Baba Garga a bakin mayanka, ya ja ni gindin mangwaro. Na fara da taswirorin, na ba shi haƙuri a madadinmu duka. Ya bi layukan da yatsa, ya ce, "To ɗan boko, ka ga dai ba gidan giya a ciki. Uban naka ne ya aiko ka?" Na ce a'a, hana ni ma ya yi. Ya ce, "Hamadu kenan. Kaɗo da kunya ya fi Bafulatani."

Sai na nuna masa takardar gargaɗin, na karanta masa kwanakin ɗaya bayan ɗaya, na ce goma sha ɗaya ne. Na zaci zai musa. Sai ya dafa ƙirjinsa.

Ya ce, "Goma sha biyu ne. Ɗaya ya zo mini ne bayan na cire agogon ina alwala, har na kifa a kan butar. Ban gaya wa kowa ba."

Na ƙara shi da biro a ƙasan takardar. Asibiti sun ba Baba Garga gobe Laraba, ƙarfe bakwai na safe. Ya ce zai je, amma sai in Baba ne zai raka shi. Na isar da saƙon. Yanzu na ga Inna tana goge wa Baba farin kaftaninsa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Umair