Na Kasa Kallon Tsallen 'Yata

Ustaza Nawal, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

'Yata Shahinda ce zakarar ƙasar Masar a wasan tsalle cikin ruwa, wanda ake dira daga kan allo mai lilo, a yi alkafura a sama kafin a faɗa. Tun tana ƙarama nake kai ta kulob a nan Iskandariya, ni da tukunyar mahshina, wato ganyen kabeji da ake naɗe shinkafa a ciki. Sau ɗaya na zuba mata ido a gasa, na ce a raina kai, yarinyar nan ta fi kowa kyau. Ban gama tunanin ba ƙeyarta ta bugi bakin allon, ruwa ya yi ja. Ta warke, amma na ƙudurta idona ne ya kama ta. Daga ranar, da ta taka allo sai in runtse ido in kama Ayatul Kursiyyu. Da kunne nake kallo. In na ji ruwa ya yi "cuɓ" a hankali, ta yi daidai. In ya fantsama, na san za a sha kuka a mota.

To, a gasar da ta wuce sai mai ɗaukar hoton talabijin ya hasko ni, jama'a a tsaye suna ihu, ni ido a rufe gam. Maƙwabta har yau tsiya suke mini, wai Ummu Shahinda ta biya kuɗin mota ta je barci. Shahinda kuwa ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Mama, kullum ke nake nema da ido kafin in dira. Ashe ni kaɗai ce?" Wata mai zuwa za ta yi gasarta ta ƙarshe a Alƙahira, kafaɗarta ta gaji. Ta ce in ba zan kalla ba in yi zamana a gida. Ina tsoron in buɗe ido in cuce ta, ina tsoron in rufe in rasa ta.

Uwa mai tsoro, Iskandariya

Ummu Shahinda, sannu da ɗaukar wannan kaya ke kaɗai.

Ba zan yi miki dariya ba. Uwar da ta ga jinin 'yarta a ruwa tana da uzuri. Amma idon da ke kama mutum na hassada ne, ke kuwa sha'awar abin da kika haifa kika yi. Tambayi kocinta, zai gaya miki yaro kan bugi allo in bai yi nisa da shi ba wajen tashi, kuma zakaru da yawa sun sha wannan.

Ita ma Shahinda tana da gaskiya. Abin da ta gani kawai uwa ce da ta kau da kai, domin ba ki taɓa gaya mata dalili ba. Ki zaunar da ita yau ki faɗa mata kamar yadda kika faɗa mini. Sannan kada ki jira Alƙahira. Ki bi ta atisaye, ki fara kallonta a ƙaramin allo, kina faɗin masha Allah da ƙarfi. Ayarki kuma ba ta hana buɗe ido.

Wannan tsallen ba zai dawo ba, ki je ki gan shi. Allah Ya tsare ta, Ya ba ta nasara, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Nawal