Littafin Hatiman Japan da Layar Inna

Greensboro, 12 ga Nuwamba, 2006

Zuwa ga Yayana Moctar, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga yayansa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Ramlatou da yara, da kuma Inna. Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, Ya sa sauƙin gwiwar nan ya ɗore. Mu nan alhamdulillahi, sai sanyi da ya fara leƙowa. Hamsatou tana nan tana fama da kitso a shagonsu na High Point Road, Oumaima kuma ta shiga wata na goma sha ɗaya, ta fara dafa kujera tana miƙewa. Ni ina garaji kamar kullum, baƙin mai har gwiwar hannu. Chaïbou da ya je ganin gida ya iso nan lafiya bayan ƙaramar Salla, kilishi da yaji da daddawa duk sun zo, mun gode. Da saƙon Inna ma, wanda shi ne ya zaunar da ni rubutun nan.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na sayi kati sau biyu na ajiye. Ka san in na kira, Inna tana gefenka ta kafa kunne, maganar nan kuwa ina so ka karanta kai kaɗai tukuna, ka maimaita, don ni da nake rubuta ta ban gama gane kanta ba.

Ka tuna tafiyar da na yi Japan a watan Afrilu, neman injinan mota na hannu. To ranar da ya kamata in je gwanjon, sai aka ce an ɗaga. Ina zaune a otal ba abin yi, mai otal ya nuna mini wata takarda, ya ce akwai yawon ƙafa a tsohon garinsu Kyoto, wata mata ce ke jan baƙi tana nuna musu wurare. Ni da na yi shekara tara ina yawo da kaya a kai a kasuwar Dole, tafiyar ƙafa ce za ta ba ni tsoro? Na shiga jirgin ƙasa na tafi. Mu tara ne, Turawa bakwai da wani ɗan Indiya da ni. Matar, Michiko, gajeruwa ce mai ɗan tuta a hannu, tana gaba muna binta kamar 'yan lakwal a bayan malamarsu. Kafin mu tashi ta nuna mana wani ɗan littafi mai bangon yadi, shafukansa a ninke ninki-ninki, in ka ja shi sai ya miƙe dogo. Ta ce duk inda muka shiga za a buga mana hatimi a ciki. Yaya, ka san ni da hatimi. Mutumin da ya sha tsayuwa gaban 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka daga Magarya har Cotonou ya san takarda mai jan hatimi ba a raina ta. Ban tambayi na mene ne ba, na ce a ba ni ɗaya.

Wuri na farko da muka shiga, a bakin ƙofa akwai kwamin dutse cike da ruwa, da ludayi masu dogon mariƙi. Michiko ta ɗebo ta wanke hannun hagu, ta wanke na dama, ta kurkure baki. Na ce a raina ashe mutanen nan sun san alwala. Na naɗe hannun riga na wanke fuska, na shafi kai, har na sunkuya zan cire safa, sai ta rugo tana ɗaga hannu biyu tana ba ni haƙuri, ta ce iyakarsa baki. Daga nan aka ce a cire takalmi, na cire. Ga turaren wuta yana tashi, mutane suna jawo hayaƙin da hannu suna shafawa a jiki, kamar yadda Inna take yi. Ga wani tsoho da carbi. Duk abin da na gani sai in ga na san shi. Sai da muka shiga ciki na ɗaga kai, na ga gunki zaune, ya fi ɗakin Inna tsawo, an shafe shi da ruwan zinariya. Wallahi ban rusuna ba. Da sauran suka sunkuyar da kai, ni na juya ina duban rufi kamar mai neman inda yake yoyo.

Amma rubutun, Yaya. A gefe akwai wata 'yar taga, wani mai askakken kai yana zaune a ciki. Ka miƙa masa littafi da hannu biyu, ya buɗe, ya tsoma alƙalamin gashi cikin baƙar tawada, ya ja layi daga sama zuwa ƙasa ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, ya koma hagu ya ja wani, sannan ya danna jan hatimi uku. Ba ya magana, ba ya sauri. Na tsaya ina kallonsa sai na tuna Malam Garzali na unguwarmu in yana rubuta allo. In mai askakken kan ya gama sai ya sa wata 'yar siririyar takarda a kan shafin don kada ɗanyar tawada ta ɓata na kusa da shi. Akwai ɗan kuɗin da ake ajiyewa, ni kuma bakin kasuwa bai bar ni ba, na ce wa Michiko ta tambaye shi ko akwai ragi tunda mu tara ne. Fuskarta ta yi ja, ta ce nan ba a ciniki. Ranar mun shiga wuri bakwai, wasu masu gunki, wasu masu jar ƙofa da ƙararrawa inda ake tafa hannu sau biyu. Ban tafa ba ko sau ɗaya, amma ko'ina ni ne na farko a layin taga. Michiko ta yi ta bayani a hanya, sai dai Turancinta da nawa ba su cika haɗuwa ba, kuma hankalina yana kan kada ɗan Indiyan nan ya fi ni yawan shafi.

Ga inda laifina yake. Da Chaïbou zai tafi gida, na sa littafin cikin tsarabar Inna, don kawai ta ga inda ɗanta ya taka. Da ta tambaye ni a waya wane ne ya yi wannan kyakkyawan rubutu, na san amsa sarai. In na ce daga gidan gumaka ne, ranar ba zan ji da daɗi ba, kuma kana wurin. Sai na ce mata malaman can ne suka rubuta mini, kowanne da nasa. Na faɗa na wuce, ina jin na yi dabara, irin wadda nake yi in mai sayen mota ya tambayi shekarunta in ce masa injin dai lafiyayye ne.

Sai ga Chaïbou ya dawo da 'yar laya, jar fata, ɗinki mai kyau, da igiyarta. Ya ce Inna ta ce a rataya wa Oumaima saboda haƙori, daga rubutun malamaina ne na Japan. Ya ƙara da cewa littafin yana cikin akwatin Inna, a naɗe cikin farin ƙyalle tare da Alƙur'anin Baba, in gwiwa ta tashi takan ɗauko ta ɗora a kai, kuma Hajiya Aishatu ta maƙwabta ta fara zuwa aro. Yana faɗa yana murna, yana cewa ashe ni ma na iya neman albarka. Hamsatou ta san inda littafin ya fito, don na nuna mata hotuna. Ta dai jira baƙo ya gama. Da ya fita ta ajiye layar kan tebur, ta dube ni ta ce, “Baban Oumaima, wannan ba mota ba ce, uwarka ce.” Ta shige kicin.

Ranar Juma'a bayan masallaci na ja Malam Kabir gefe. Ɗan Kano ne, yana karatun dokta a jami'ar da ke kusa da Glenwood, shi ke ba mu karatu ranar Lahadi. Na ba shi labari, na rage wasu wurare. Ya ce zai tambayi wata 'yar Japan da suke aji ɗaya. Amsar da ya kawo ita ce, abin da ake rubutawa sunan gidan ne, da sunan abin da ake bauta wa a ciki, da kwanan wata, kuma asalinsa shaida ce cewa mutum ya zo ya yi ibada. Na ce ni ban yi ba. Ya ce to ka karɓi shaidar abin da ba ka yi ba har sau bakwai. Na tambaye shi hukunci, ya ce niyyata yawo ce, niyyar Inna kuma Allah ce, in akwai abin tuba to maganar da na faɗa mata ce. Na so ya tsaya kan gumakan, don su suna nesa, sai ya ƙi.

Da na dawo gida na ɗauki reza na farke layar a hankali, ina jiran in ga shafin da aka yanko. Yaya, ba shafi ba ne. 'Yar siririyar takardar nan ce ta tsane tawada, da ɗan jan hatimi da ya like a jikinta, da wasu ƙananan rubutu na inji. Kabir ya kai wa yarinyar, ta yi dariya, ta ce sanarwa ce ta lokacin buɗe ƙofa da rufewa. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Shin layar da ba komai cikinta sai ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, laifi ce ko ba laifi ba? In ba komai a ciki, gwiwar Inna fa, da kai da kanka ka ce mini ta yi sauƙi? Hamsatou ta ce maganin da na aika ne ta hannun Chaïbou, cikin jaka ɗaya da littafin. Wataƙila. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne, Inna ta riƙe almakashi ta kasa yanka shafi ko ɗaya, don tana ganin rubutun malamai ne da ɗanta ya wahala ya samo. Ta ɗauki takardar da ta faɗo da kanta ta kai wa baduku.

Da farko na yi niyyar in ce ka sace littafin ka ce ya ɓata, ko ka ce ina bukatarsa wajen biza. Har na rubuta haka na yage. Abin da nake roƙonka shi ne, ka zaɓi ranar da take cikin walwala, ba baƙi, ka karanta mata wannan kamar yadda na rubuta, kada ka gyara mini: “Inna, Zabeirou ne ya yi miki ƙarya. Ba malamai suka rubuta ba, masu tsaron gidan gumaka ne. Bai rusuna musu ba, amma ya ji tsoron faɗanki ya ɓoye. Ki raba littafin da Alƙur'anin Baba, ki yafe masa.” Hajiya Aishatu kuma ka san yadda za ka yi da ita, kada Inna ta ji kunya a unguwa saboda ni. Littafin, in Inna ta ce a ƙona, a ƙona. In ta bar shi, ka ajiye mini cikin takardunka na ofis. Ban san ko ya halatta in so shi ba, amma hannun mutumin nan ya iya rubutu.

Fatar layar ban yar ba. Malam Kabir ya ce shi ba ya rubuta laya, sai na zauna da kaina na rubuta Fatiha da wannan hannun nawa na makaniki, Hamsatou ta mayar da ɗinkin. Tana wuyan Oumaima yanzu. Ka faɗa wa Inna wannan ma, amma bayan ta gama faɗa.

Ka gaishe da Anti Ramlatou, da Abdoul-Aziz da Oumou, da Kawu Bello in ya dawo daga Tanout, da Malam Garzali, amma shi gaisuwa kawai, kada ka ba shi labari. Hamsatou tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Zan kira ranar Lahadi ta biyu bayan na ƙiyasta takardar ta iso, bayan La'asar ɗinku. In Inna ta karɓi wayar, na san inda na tsaya. In ta ce tana salla, zan sake kira Lahadin da ke biye.

Wassalam.

Ƙanenka,
Zabeirou