Tagar likitarmu tana hana maza faɗin ciwonsu

Zuwa ga Majo, shugaban likitar garinmu, wato ƙaramin asibitinmu, a ƙasar Dungas.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ni ne Mushe Rabi'u, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai zama da samarin fadar bakin kasuwa, inda muke hira da shan shayi. Idan ka ga murna ta yi yawa a wasiƙar koke, ka yi mini uzuri: jiya Baba ya ja mu sallar magariba, bayan ya daɗe da barin limanci! Har ya ɗauko doguwar sura, mu kuwa a baya kamar mu tashi sama.

Ga abin da ya faru. Tun bara fitsari ya fara yi wa Baba gardama. Ya fita ya dawo, ya sake fita, kuma yana ɗiga bayan ya gama, alwala ba ta zama. Sai ya koma sahun baya kusa da ƙofa. Ya sha kwalaben masu tallan magani da lasifika na ranar kasuwa, wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi.

Na ɗaya, kuma shi ne kokena. Baba ya zo wajenku, ba sau ɗaya ba. Amma a likitarmu ta taga ake tambayar mutum abin da ke damunsa, da murya sama, mata masu awon jarirai suna zaune a benci. Ran nan har da surukarsa, matata, a kan bencin. To, Majo, me dattijo zai ce? Ya ce ciwon kai. Aka ba shi ƙwayar ciwon kai, ya yi godiya, ya koma gida da ciwonsa. Ban ce ma'aikatanka mugaye ba ne. Abin da aka faɗa musu suka yi wa magani.

Na biyu. Ka san ɗa ba ya tambayar uba irin wannan. Sai na tura masa taubashinsa, Kawu Ilu, wanda ba ya jin kunyar kowa. Ya yi ta tsokanarsa cewa ya auri buta bai gayyaci dangi ba, har Baba ya fusata ya faɗi gaskiya. Washegari Kawu ya ɗora shi a moto zuwa Magariya, daga can aka tura su Damagaram. Likita ya ce sankara ce a wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda suke kira furostat, kuma an zo da sauran lokaci. Alhamdu lillahi! Yana kan magani, yana komawa ana duba shi. Likitan ya ce ba kowace wahalar fitsari ce sankara ba, amma awo ne kaɗai ke rarrabewa.

Na uku, samari. A can Damagaram ne Kawu ya ji cewa sankarar 'ya'yan maraina ta fi kama matasa, kuma sau da yawa ba ta zafi, ƙullutu ne kawai ko kumburi. Da na kai zancen fada, mai haɗa shayi ya ƙware don dariya, wani ya rufe fuska da hula. Na bar su suka gama, sannan na ce kowa ya riƙa taɓa wurin bayan wanka, in ya ji abin da ba ya nan a da, ya je likita. Yanzu su ke tuna wa juna. Amma wace likita za su je, in tagar nan ce?

Don haka ina roƙon ka rufe tambaya ta taga, a shigar da namiji ɗaki a ja ƙofa. Ka ware wa maza yinin kasuwa, da ma'aikaci namiji. Ka zo fadarmu da ƙofar masallaci ka yi bayani da bakinka, shayi a kanmu. In ɗaki ne babu, samarina sun ce za su saƙa zana su kafa rumfa, ba sai an biya su ba.

Kuma akwai gaggawa. A hanyar dawowa Kawu Ilu, mai bakin nan, ya gaya wa Baba cewa shi ma yana da tasa matsalar, ya fara ganin jini a fitsarinsa. Ya rantse ba zai tsaya a tagarku ba. Baba ya ce yanzu shi ma zai rama tsokana, ranar kasuwa mai zuwa zai kawo shi da kansa. Don Allah, Majo, su tarar da ƙofar da ake rufewa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri da mu, ya sa albarka a hannunka.

Wassalam.
Mushe Rabi'u