Baƙaƙen ƙwayoyin da muka tara

Zuwa ga Yaya Isuhu, a Damagaram.

Gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ka tuna shekarar da ka je aikin lambu garin Tazrouk, ƙaya ta soke ka a tafin ƙafa. Ka dawo ɗakinmu na unguwar Gataa El Oued, nan Tamanrasset, da kumburi marar zafi, ka koma aikin gini.

Da ƙafar ta huje ta fara fitar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar gero, ni na ce ciwon ne ke fita. Ni ne ɗan lekkol, na yi boko, mai karanta jarida, ba wanda ya musa mini. Kowace safiya nakan dafa ruwa da gishiri ka tsoma ƙafar, in tsince ƙwayoyin in zuba a kwalin ashana. Kakan ce, "Ƙanena ya fi lokotoron asibiti." Ba ka da takardun zama a ƙasar nan, muna tsoron jandarma a hanyar asibiti, sai maganata ta yi mana daɗi. Shekara biyu muka yi haka.

Bayan an yanke ƙafar ne na nemi littattafai. Cutar dangin fumfuna ce. Zafin jiki da farmakin sojojin jini suna kashe yawancin irinta. Wadda ke sa ciwo ita ce mai jin matsi ta gyara kanta: ta kaurara bangonta, ta yi baƙin launi mai kare ta, ta dunƙule yadda magani zai sha wuyar ratsawa. Ƙwayoyin da muke murna da su mafakarta ce. Ba zan ce ruwana ya ƙara mata ƙarfi ba, ban san wannan ba. Na dai san ya cinye mana lokacin da ƙafar ke cetuwa.

Yaya, ba ka taɓa zargina ba, har yau yabona kake. Shi ya sa na rubuto. Wani direba ya ce mini ƙafar maƙwabcinka Malam Haruna ta fara hujewa, kai kuma ka koya masa ruwan gishiri, ka ce da an bar ka da ruwan nan da ka warke.

Da ba ka warke ba. Kuskurena ne. Ka raka shi asibiti a makon nan, ko da sandarka za ta jinkirta ku.

Allah ya bar masa ƙafarsa, ya ba ka ladan haƙurinka, ya yafe mini abin da na faɗa da tabbaci ban sani ba.

Ƙanenka,
Sani, Tamanrasset