Kiɗan Babana Ya Shiga Waƙoƙina, Abokaina Na Shirin Korata

Doña Zeneida,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni mawaƙiyar punk ce, wato kiɗan nan mai ihu da gudu, a babban birninmu San José, ni ke rubuta wa ƙungiyarmu waƙa kuma ni ke kaɗa jita. Mu huɗu ne, tun muna sakandare muke tare. Amma ni 'yar Limón ce, garin bakin teku. Babana ya yi rayuwarsa yana busa ƙaho a ƙungiyoyin kiɗan ska da rege, kuma bai taɓa ɗaukar abin da nake yi a matsayin kiɗa ba. Cewa yake, "Yarinya, ke da masu fasa dutse sana'arku ɗaya."

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya mutu. Na koma gida jinya. Ina zama kusa da shi a baranda ina taɓa jita a hankali don kada in dame shi. Wata rana na ga yatsunsa na hagu suna buga hannun kujera, ba a kan bugun da nake yi ba, a tsakankaninsa. Na bi shi. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da na yi shekaru ina nema.

Tun daga nan rubutuna ya sauya. Da, cika waƙa nake da ihu har ba wurin numfashi. Yanzu, kamar a rege, jitar bes mai kaurin murya ce ke jan gaba, tawa tana sara daga baya, kalmomin sun ragu. Fushin yana nan. Akwai wadda na yi a kan yadda 'yan sanda ke tare ƙanena a titi saboda dogon gashinsa irin na 'yan rege, ban taɓa rubuta mai zafinta ba.

Da na kai wa abokaina, Ólger mai ganga ya ajiye sandunansa ya ce, "Haba ke kuwa! Mun taru ne don mu girgiza gari, ba don Turawa 'yan yawon buɗe ido su yi rangaji da kwakwa a hannu ba." Sauran suka yi dariya. Ni ban yi ba. A Limón kuma, Mista Oswin, aminin Baba, ya saurara ya ce, "'Yata, wa ya biyo ki? Rege ba ya gudu."

Muna da babban wasa wata mai zuwa. Sun ce ko in ajiye sababbin waƙoƙin, ko su nemi wata muryar. Ban san ko baƙin ciki ne ke rubuta min waƙa ba, ko tsufa ne ya fara kama ni. In na bar su, ba ni da kowa. In na bar waƙoƙin, ji nake kamar na rufe wa Baba baki karo na biyu.

Mai Jita Tsakanin Gari Biyu

*

'Yata,

Sannu da jinya. Ba tsufa ba ne. Abin da kika sha tun a goye ne ya taso, kuma ba ke kika fara haɗa waɗannan kaɗe-kaɗen ba.

Sai dai ki yi wa abokanki adalci. Kin tafi kin dawo da waƙoƙi gamammu, kin ce su bi. Ƙungiyar ta mutum huɗu ce. Ina zargin tsoro ne ke damun Ólger: an ba shi bugun da hannunsa bai saba ba, ya ga gara ya yi ba'a da a ga gazawarsa. Amma maganar kwakwa raini ce ga mutanenki. Ki same shi shi kaɗai ki faɗa masa haka, ba da faɗa ba. Yadda ya karɓa zai nuna miki irin abokin da kike da shi.

Sannan ki rage buri. Ki nemi waƙa ɗaya tak a wasan, ta ƙanenki, ki sakar musu ita su sa hannu. In Ólger ya ƙara mata gudu, ki bar shi. Jama'a su yi hukunci. Mista Oswin kuwa, ki gaishe shi da ladabi ki ci gaba da abinki, ba shi zai hau dandalin ba.

In sun ƙi ko guda ɗayar, to tafiyar ta ƙare, ku rabu kuna gaisawa. Ana sake kafa ƙungiya, amma wanda ya saba binne waƙarsa, wata rana zai nema ya rasa.

Allah ya ba mahaifinki sauƙi, ke kuma ya ƙarfafa miki zuciya.

Zeneida