Doya Huɗu a Kafaɗata

Litinin, 6 ga Mayu

Malam Abednego mai koya mana zane ya sake ƙirƙiro wani shirme. Wai a raba mu biyu-biyu, kowa ya je gidan ɗan'uwansa ya zano al'adarsu. Biyar mafi kyau za a kafa a bangon ɗakin taro ranar iyaye. Tun ina aji ɗaya zanena bai taɓa rasa bangon nan ba. Sai ga shi an haɗa ni da Perpetual, 'yar Gbagyi, wadda ko da'ira sai da murfin kwalba take zanawa.

Laraba, 8 ga Mayu

Perpetual ta tare ni: "Muhibba, yaushe za ki zo? Kaka tana jira fa." Na ce zan duba. Ni da ko gidan maƙwabta ba na iya shiga ni kaɗai. Kuma me zan gani? Tsohuwa da doya.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ita ta zo namu, ko kunya babu. Ta zana Umma tana tace awara, hanci kamar dankali. Umma sai murna take.

Talata, 14 ga Mayu

A ɗakina na yi nawa. Tsohuwa da ƙwaryar doya a ka, rana tana faɗuwa a bayanta. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Malam ya ce, "Kin je gidan?" Ya ɗaga wa aji zanen. Perpetual ta tuntsire da dariya: "Wannan kakar wa? Mu a kafaɗa muke ɗauka!" Kowa ya kama dariya, har waɗanda ba su iya riƙe fensir ba. Malam ya ce in je, ko in manta da bango. Mutumin da kullum rigarsa da fenti.

Asabar, 18 ga Mayu

Na je. Can bayan Gwagwalada, duk taɓo. Na durƙusa na gaida Kaka.

"Ke ce kika ɗora mini kaya a kai? Kan da nake tunani da shi?"

Ta aza mini ƙwaryar a kafaɗa, doya huɗu kacal. Taku biyar na zubar. Ta tsince, ta ɗauka, ta ɗan karkata wuya, ta wuce abinta. Fatar wurin ta yi baƙi, ta yi tauri. Na kasa daina kallo.

Lahadi, 19 ga Mayu

Kafaɗata ciwo.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ba a kafa nawa ba. Malam ya ce sabon da na zana bayan na dawo ya fi, amma wuyan bai zauna ba. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Na Perpetual yana can a bango, mutane suna tsayawa a gabansa. Su suka sani.

Gobe zan koma. Wuyan kawai zan duba in dawo. Ko da yake Kaka ta ce in zo da sassafe, za mu gona.