Alawar da Ke Cikin Gwangwanin Dabino

Soundview, Bronx

Zuwa ga Yayata Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, da fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi. Mu ma nan da sauƙi, alhamdu lillahi.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba kya barina in kai aya. Da na buɗe baki sai ki hau ba ni haƙuri. To, takarda ba a katse ta, sai ki daure ki karanta har ƙarshe.

Abin da kika ji, cewa an dakatar da mijina Wahab daga tuƙin bas a filin jirgi saboda gwaji ya nuna wiwi a jikinsa, gaskiya ne. Abin da ba a gaya miki ba shi ne yadda aka yi ta shiga jikin. Mutumin da ko goro bai iya ci ba!

Kin san mahaifiyarsa Hajiya tana zaune da mu tun bara, kin kuma san ciwon gwiwar da ke hana ta barci. Ashe ƙawarta Hajiya Rahina ta sayo mata wata alawa mai danƙo a wani shago wajen Fordham Road, wai alawar barci. Sunan abin Delta-8. Daga ganyen hemp ake haɗa shi, ɗan'uwan tabar wiwi, kuma yana bugarwa, duk da masu sayarwa suna cewa bai kai ta ƙarfi ba. A jikin ledarsa akwai hoton ganyen, ƙato. Don kada wani ya gani ya ce Hajiya guda tana ajiye irin wannan, sai suka yaga ledar suka zubar, suka juye alawar cikin gwangwanin dabinon da ta zo da shi daga Umara. A jikin ledar nan kuwa sunan abin yake, da yawansa, da gargaɗinsa.

Ranar da abin ya faru, Wahab ya shiga gaishe ta kafin ya tafi aiki kamar kullum, ya tarar tana sallar azahar. Ya buɗe gwangwani neman dabino don albarka, ya ga alawa, ya watsa huɗu a baki. Har ya isa wurin aiki bai ji komai ba, domin irin wadda ake ci ba nan take take tashi ba, takan kai awa ɗaya ko biyu. Yana kan sitiyari ta taso masa. Ya ce bakinsa ya bushe ƙamas, zuciyarsa na dukan uku-uku, titi na juya masa. Allah Ya taimake shi ya gangara gefe, ya gogi shinge, ya kashe mota yana ta kalmar shahada, don ya zaci ajali ne. Fasinja ko ɗaya bai ji ciwo ba.

Ni na gano gwangwanin, na kai wa likitar da ta duba Wahab. Ta ce irin wannan sau da yawa kowace ɗaya miligiram ashirin da biyar ce, alhali wanda bai saba ba biyar ma ta ishe shi, ko ƙasa da haka. Ki lissafa abin da bawan Allah ya haɗiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Wahab ya ce in yi shiru, ya gwammace a kira shi ɗan wiwi da a taɓa sunan uwarsa. Labari ya zaga gari. Kwamitin masallaci ya karɓe ajin karatun yara na Asabar daga hannunsa. 'Yarmu Hanan ta dawo gida tana tambayata da Turanci ko babanta mutumin banza ne. Wallahi Yaya, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Shi ya ɗauki alƙawarin shiru, ni ban ɗauka ba.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Sharifa


Soundview, Bronx

Yaya Indo,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Saƙonki ya iso, na saurare shi har sau biyu. Kin ce mace tagari ita ke rufa asirin gidan mijinta. Na ji. To mijin nawa fa, wa zai rufa nasa? Rufin asirin nan ne ya kusa kifar da bas cike da mutane.

Ban zauna ba. Na lallaɓa Hajiya Rahina har ta kwatanta mini shagon, na je na sayo irin ledar sak, na kai wa mai famasin unguwarmu. Ya ce ko a nan ma ba a yarda a sayar da ita haka ba, shaguna ne ke yi ta bayan fage, kuma lambar da ke jikin ledar ba kullum take gaskiya ba. Ranar taron mata na wata na fito da ita na ɗora a tsakiyar faranti, hoton ganye na kallon sama. Yaya, da kin ga yadda idanu suka faɗi ƙasa! A nan na gane ba gidanmu kaɗai ke da gwangwani ba. Wata a robar man shanu take ajiye tata, wata a kwalbar turare, kowa na miƙa wa ƙawarta da sunan alawar barci.

Ban kama sunan kowa ba. Na dai faɗi abin da aka gaya mini. Na ce wadda ta ci ba ta ji komai ba kada ta ƙara, ta jira, domin abin yana tafe, kuma in ya zo yakan wuni a jiki. Na ce mai shan maganin hawan jini ko na barci kada ta kusance ta sai ta tambayi likita, wadda ta ci kuma kada ta taɓa mota. Na ce a bar ta cikin ledarta a kulle, don yaro in ya ci sai asibiti. Wata ta taso mini, wai ina halatta haram. Na ce ni ba malama ba ce, fatawa ta malamai ce, amma malamin ma yaya zai yi hukunci a kan abin da aka sake wa suna aka ɓoye cikin dabino?

Hajiya na wurin, kanta a sunkuye, tana jan carbi. 

Ladan da na samu shi ne yanzu cewa ake da mijin da matar duk 'yan wiwi ne. Wahab kuma ya daina cin abincina, sai ya dafa shayi ya sha a tsaye. Yana ba ni tausayi yana ba ni haushi, duka biyun. Ina son mutumin nan, Yaya, shi ya sa ba zan zuba ido a binne sunansa yana raye ba. Na gaya masa ranar walimar saukar yara, inda kwamiti da iyaye za su hallara, zan tashi in faɗi ko gwangwanin wa ne. In takardar saki ce sakamakona, biro na nan a kan firji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada ki sa Baba ya kira ni, kin san ba zan iya yi masa musu ba, kuma ba zan fasa ba.

Taki har kullum,
Sharifa


Soundview, Bronx

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Na gode da ba ki sa Baba ya kira ba.

An yi walima. Da safen ranar, Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce in kawo ledar. Na zaci ƙwacewa za ta yi, har na ɗaura ɗamarar faɗa. Sai ta ce in zauna in karanta mata abin da ke jiki, in mayar mata da Hausa. Na karanta tas. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai da Hanan ce ta buɗe gwangwanin nan fa? Na gaya mata gaskiya, ban rage ba. Ta karɓi ledar ta jefa a jakarta, ta ce in tashi in ba ta wuri.

A wurin walima ina ta jiran a gama addu'a in miƙe. Kafin in motsa sai ga Hajiya ta dogara sandarta ta tashi. Ta sa aka yaye labulen da ke tsakaninmu da maza. Ta fito da ledar ta ɗaga kowa ya gani. Ta ce ita ke ci saboda gwiwa, ita ta ɓoye ta cikin gwangwanin dabino don kunya, ɗanta kuma albarka ya je nema a ɗakin uwarsa ya samo wannan. Ta ce duk mai zagi ya kawo mata nan, ya sakar mata yaro. Hajiya Rahina dai silin take ta kallo. Wahab kuwa a gaban maza ya rufe fuska da hula yana kuka.

Kada ki zaci komai ya gyaru. Wurin aiki sun ce ba ruwansu da yadda abin ya shiga jikinsa, sai ya bi matakan da suka gindaya kafin su duba komawarsa. Amma an mayar masa da ajinsa na Asabar, Hanan ta riƙe hannunsa suka tafi tare. Jiya ya ci tuwona har da ƙari. Hajiya kuma ta yarda mu kai gwiwar nan wurin likita, da ledar a hannu.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da ta koma ta zauna. Matan da ke gefenta suka riƙa jan jiki a hankali, har da masu robar man shanu, sai da fili ya buɗe kewaye da ita a kan darduma. Tsohuwa ita kaɗai, riƙe da sandarta. Na tsallaka faranti na je na zauna har kafaɗarmu na gugar juna. Ba ta dube ni ba. Amma da aka tashi, ba sandar ta dafa ba, kafaɗata ta dafa.

Har yau ba ta ce ta yafe mini ba, Yaya. Ni ma ban nemi gafara ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Sharifa